Gaisuwar da Mukayyif Yake Cinyewa

A Damagaram aka raine ni, kuma a gidanmu an koya mini gaida suruki tun ban san mene ne aure ba. Durƙusawa ake yi daga bakin ƙofa, a sunkuyar da kai, a sassauta murya. Ba a kallon fuskarsa, ba a kama sunansa, ba a ƙara magana a kan wadda ta kawo ki. Da wannan tarbiyyar na zo Jidda ina taƙama, kuma ita ce ta kusa kashe mini aure a shekarar 2009.

Mijina Abdulghaffar haifaffen Jidda ne, yana sayar da kayan gyaran mota a unguwar Mahjar. A unguwar Safa muke zaune, hawa na biyu, mu da 'yarmu Larai, lokacin ba ta wuce shekara uku ba. Da mahaifiyarsa ta rasu sai ya ɗauko mahaifinsa daga unguwar Karantina ya dawo da shi wurinmu. Sunan tsohon ba zai fito daga bakina ba. Ni Baba nake ce masa, mutanen Karantina kuwa Na-Koriya suke kiransa, don da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a wani kamfanin Koriyawa masu gina hanyoyi da gadoji. Shi ne mai riƙe injin fasa kwalta, wannan mai girgiza mutum har haƙora. In kana son Baba ya saki jiki, ɗauko masa zancen Koriyawa. Zai ce maka ba su san gajiya ba, ba su san ƙarya ba, abin da suka ƙera kuma ba ya ha'intar mutum. In yana son a yi sauri, "fali-fali" yake cewa, wai haka shugaban aikinsu yake daka musu tsawa.

Ɗakin da muka ba shi yana da mukayyif, wato injin sanyaya ɗaki, tsoho irin wanda ake cusawa a bango. In an kunna shi sai ka rantse niƙa ake yi a ɗakin. Baba ba ya kashe shi. Ya ce ya sha zafin Jidda iya shansa a kan kwalta, yanzu lokacin ramuwa ne.

Kullum da safe, bayan maigidan ya fita, nakan kai masa shayi da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis. In durƙusa a bakin ƙofa, in ce, "Baba ina kwana, an tashi lafiya?" In tura tire ciki, in ɗan jira. Shiru. Da fari na ce zafin rasuwa ne. Daga baya na ce halinsa ne. Da tafiya ta yi tafiya na ce tsohon nan ba ya ƙaunata, na haɗiye abina. Wa zan kai wa ƙarar suruki?

Abin da ya fi ci mini rai, yana amsa wa kowa. Ɗansa mai murya kamar ganga, suna hira. Yayar mijina, Luba, takan zo ranar Juma'a, ita kam ba ta san sunkuyar da kai ba. Za ta haye gadonsa ta zauna, ta zuba masa ido, ta buɗe murya da Hausa rabi Larabci rabi har maƙwabta su ji. Su yi ta dariya. A raina nakan ce, wato a garin nan marar kunya ake amsa wa.

Wata Juma'a bayan an ci abinci, ina kicin ina wanke-wanke, na ji Baba ya yi gyaran murya.

"Ku nema mini ɗaki a Karantina," in ji shi. "Ba zan zauna gidan da ake tura mini abinci kamar ana tura wa akuya dusa ba. Tun da na zo gidan nan, yarinyar nan ba ta taɓa buɗe baki ta gaishe ni ba."

Faranti ya kuɓuce mini ya faɗa cikin ruwa. Na tsaya da kumfa a hannu. Ni? Ni da gwiwata ta yi kanta a bakin ƙofarsa?

Abdulghaffar ya shigo fuskarsa a murtuke. Na rantse masa da Allah ina gaisuwa, kullum, ban taɓa fashi ba.

"To Baba ƙarya yake yi ke nan?" ya ce.

Wannan tambayar ba ta da amsa. In na ce e, na zagi ubansa. In na ce a'a, na amsa laifi. Na yi shiru, shirun kuma aka ɗauka a matsayin amsa.

Luba ce ta yanke hukunci, don a gidan nan ita ce alƙali. Ta tsaya a ƙofar kicin, ba ta ko kalle ni ba, da ƙaninta take magana.

"Halas ya Abdu. Iƙamarta, takardar zamanta, ta kusa ƙarewa, ko? Kada ka sabunta. Ta je Nijar ta huta, ta koyo adab. Larai tana kan takardunka, tana nan wurina."

Kowace mace a Jidda ta san irin wannan hutun. Ana zuwa, ba a dawowa. Kuma 'yata za a bari a hannun matar da take ba yaro lemon kwalba da sassafe.

Washegari na sa maigidan ya tsaya a bayana ya ga gaisuwar da idonsa. Na gaisar, Baba bai ko motsa ba. Na ce to ka gani. Da labari ya je wa Luba sai ta ce ai dole, yanzu da wuta ta kama ne na fara motsa baki, Baba kuwa fushi yake, shi ya sa ya share ni. Na yi niyyar ɗaga murya, Allah ya sani na yi. Sai dai na kasa. Ban taɓa yi wa babba ihu ba, kuma a wannan halin da na yi, sai a ce ga rashin kunyar ta fito fili.

Na ce a duba kunnensa. Luba ta ɗauke shi da kanta ta kai shi ƙaramin asibitin unguwa, don ta rufe mini baki. Likita ya haska kunnen, ya wanke, ya zaunar da shi a ɗaki rufe ba motsin komai, ya dube shi ido da ido ya yi masa tambayoyi. Baba ya amsa duka har da ƙari. Suka dawo Luba tana ta yi mini kallon "sai kuma me".

Allah da ikonsa, ana cikin haka mukayyif ɗin ya mutu. Da safe na zo, ɗakin tsit, Baba yana fifita da kwali. Na durƙusa na yi gaisuwata yadda na saba, ban ƙara ko kaɗan ba. Sai na ji gado ya yi ƙara, ya juyo.

"Oho," ya ce. "Yau an tuna da ni? Da aka ji zancen jirgi?"

Maganar ta yi mini ciwo, amma ban kai kicin ba na tsaya cak. Ya ji ni. Yau ya ji ni. Me ya bambanta yau da jiya? Da rana mai gyara ya zo, injin ya ci gaba da niƙansa, washegari na gaisar aka koma shiru. Daga ranar na daina kuka, na fara lura. Na ga in zai saurari labarai a rediyo sai ya manna ta a kunne. Na ga in ɗansa yana magana, bakinsa yake kallo, ba idonsa ba. Na gaya wa maigidan, ya ce likita ya riga ya yi magana, in bar shi ya ji da abu ɗaya.

Ni sana'ata lalle. A satin aka kira ni wani gidan biki, aka ba ni hannun yayar amarya, wata doguwa mai gilashi, sunanta Zakiya. Kakanta daga Kano ya zo hajji bai koma ba. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi sai ta riƙa tsinto kalmomin ɗaya-ɗaya. Mai lalle a hannu ba ta da inda za ta, dole ta zauna ya bushe, shi ya sa mu masu lalle muka fi kowa jin sirrin mutane. Wannan karon nawa aka ji. Ta ce me ya kumbura mini ido, ni kuma dama a cike nake, na zazzage mata komai.

Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Aikin me ya yi da yana saurayi?"

Na gaya mata.

"Ismaʿi ya Zeinabou, saurara," ta ce, "ni aikina ke nan, a markaz, asibitin gwajin kunne, nake. Mutum yana ji a ɗakin shiru, yaʿni ba shi ne yana ji ba. Akwai gwaji daban. Ana sa hayaniya, ana magana a ciki, a ga nawa ya kama. Injinmu daga Koriya ya zo, har can aka kai ni na koyo. Bas akwai mushkila. Maganar da ke cikin faifan duk Koriyanci ce. Larabawa ni nake karanta musu da bakina. Shi Baba Larabcinsa yaya?"

"Na kasuwa ne," na ce. "Da Hausa yake mafarki."

"To ni Hausata kin ji ta. In na yi masa, ba a san kunnensa ne ya faɗi ko bakina ba. Sai dai ke ki zo ki yi maganar."

Na ce ko rijiya ce zan shiga.

Saura a kai Baba. Na jira maigidan ya dawo cin abincin rana, na ajiye masa, na zauna a gabansa, abin da ban saba ba.

"Abu Larai," na ce, "ban taɓa yi maka gardama ba. Amma wallahi ba zan ɗaure kaya ba sai an kai Baba wurin nan. In an gwada aka ce kunnensa lafiya, da ƙafata zan hau jirgi, ba sai Yaya Luba ta raka ni ba."

Ya dafe kai. Mutumin kirki ne, tsoron yayarsa ne kawai ya yi masa yawa. Ya ce Baba ba zai je ba, tun zuwan farko yake faɗa wai ana so a mai da shi kurma.

"Ka ce masa injin na Koriyawa ne."

Ya ɗago ya dube ni. Duk da halin da ake ciki sai da ya murmusa.

Ina jin su, shi da Baba, daga falo. Baba ya ce, "Na Koriya? Ka tabbata ba na wani wuri ba ne aka liƙa masa suna?" Aka ce an tabbata. Ya ce, "To shi ba zai yi ƙarya ba. Mu je. Abin da ya faɗa, shi ke nan, kowa ya kama bakinsa." Luba ta ce ita ma za ta, don kada a haɗa baki da likita.

Muka je da hantsi, Larai na bar ta wurin maƙwabciya. Zakiya ta tarbe mu da farar riga a kan abayarta, lallena yana nan raɗau a hannunta, na yi ta addu'a kada Luba ta gane zanen. Ta gaida Baba da "ʿAmmi", wato baffa, ta shigar da shi wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai kauri kamar ta firji, da taga ta gilashi. Mu muna waje inda injin yake, muna ganinsa. Ta fara da sa masa abin ji a kunne, ta ce in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Baba ya yi ta ɗaga hannu yana hararar gilashi. Ni dai na ga wani lokaci tana danna abu, hannun bai tashi ba, tana rubutawa. Luba ba ta lura ba, ƙirga ɗagawar take yi.

Sannan Zakiya ta ce yanzu za a shiga na biyun. Ta yi mana bayani a gajarce. Za ta saki hayaniya a ɗakin, wani ya yi magana ta makirfo, Baba ya maimaita abin da ya ji. Hayaniyar tana nan yadda take, muryar ce za ta riƙa ɗagawa ko saukewa har ta gano inda yake fara kamawa. Ta ce gaskiya wannan ba cikakken gwaji ba ne, don ba wanda ya tsara na Hausa, amma zai nuna abin da ake nema.

Ta kunna faifan. Mutane ne da yawa suke magana lokaci ɗaya, maza da mata, ba ka iya tsintar komai. Sai muka ga fuskar Baba ta washe.

"Kai!" ya ce. "Mutanena! Haka wurin cin abincinsu yake da azahar!" Ya karkata kai yana nema ko zai cafko kalma, ya girgiza kai. "Sun yi yawa."

Abdulghaffar aka fara ba makirfo, aka zaunar da shi gefe inda Baba ba zai ga bakinsa ba. Zakiya ta ce ya faɗi gajerun maganganu na yau da kullum.

"An zuba ruwa a buta," in ji shi.

"An zuba ruwa a buta," in ji Baba.

"Motar ta tsaya a bakin masallaci."

"Motar ta tsaya... a masallaci."

Haka suka yi ta yi. Yana zubar da wata kalma nan da can, amma yana kamawa. Luba ta gyara mayafi ta ce, "Shuftu? Kun gani? Yalla mu tafi, an ɓata wa tsoho lokaci."

Na ga jirgi, na ga Larai da kwalbar lemo. Amma ban zo nan don in koma da rabin gwaji ba.

"Duktura," na ce, "ba muryarsa ake ƙara a kai ba. Tawa ce."

"Sahh, haka ne," in ji Zakiya. Ta daidaita hayaniyar ta ce kusan haka tsohon mukayyif yake yi, ta tambayi maigidan, ya saurara ya ce har bai kai nasu ba. Ta gaya wa Baba ta lasifika cewa za a canza murya, ya ci gaba da maimaitawa. Sannan ta juyo gare ni. "Faɗi abin da kike faɗa kullum. Yadda kike faɗa, kada ki ƙara. Na saita ya isa gare shi kamar kina bakin ƙofa."

Na zauna a kujera na buɗe baki, abin ya ƙi. Ban iya gaida Baba a kan kujera ba. Na sauka na durƙusa a kan tayil, Zakiya ta jawo makirfon ƙasa. Na sunkuyar da kai.

"Baba ina kwana, an tashi lafiya?"

Duk wanda ke wajen ya ji ni. Luba tana tsaye a kaina, ta ji. Baba yana zaune a cikin gilashi, hannuwansa a kan gwiwa, yana jira.

Zakiya ta yi mini alama in sake. Na sake. Yana jira. Ya sosa gemu, ya dubi silin.

"'Yata," ya ce wa Zakiya da ƙarfi, "fali-fali mana. A fara."

Ba wanda ya yi dariya. Na ji maigidan ya ja numfashi. Zakiya ta murɗa abin kaɗan, na sake gaisuwa. Ta ƙara murɗawa, na sake. Ni muryata ba ta canza ba, injin ne yake ɗaga ta. Gwiwata ta fara zafi, ban damu ba, ta saba. Can Baba ya karkata kai.

"Kamar akwai mai magana," ya ce.

Ta ƙara. Na ce, "Baba ina kwana, an tashi lafiya?"

Sai ya miƙe zaune sosai. Ya manta da zancen maimaitawa.

"Lafiya lau," ya ce. "Alhamdu lillahi. Ya kwanan yarinyar?"

Zakiya ta kai hannu za ta danna ta ce masa maimaitawa ake yi, ba amsawa ba. Abdulghaffar ya ce, "Bar shi, ya duktura." Ni kuwa na kifa goshi a jikin teburin na yi kukan da na daɗe ina tarawa, na baƙin ciki da na daɗi a haɗe, ban ma iya amsa masa kwanan yarinyar ba.

Da aka fito da shi, Zakiya ta zaunar da shi ta fuskance shi, ta yi magana a hankali da ƙarfi. Ta nuna masa inda abin murɗawar yake da farko, da inda ya kai kafin ya ji. Ta ce mai lafiyar kunne yana tsintar magana ko da hayaniya ta ɗan fi ta ƙarfi, shi kuwa sai murya ta haye hayaniyar sosai. Ta ce injin fasa kwaltan nan ya cinye masa siraran sautuka tun tuni, tsufa ya ƙarasa. Muryar namiji mai kauri tana ratsawa, mai ihu a fuskarsa ma yana ji don yana karanta baki. Amma mace mai sanyin murya, kanta a ƙasa, daga nesa, ga mukayyif, wannan ko kusa.

"Duk wanda ya fi girmama ka, ya ʿAmmi," ta ce, "shi ne ba ka ji."

Ta ce za a auna masa ɗan abin da ake maƙalawa a kunne, zai taimaka, amma ba zai yi aikin shi kaɗai ba. Dole mai magana ya matso, ya fuskance shi, ya ɗaga murya. Da ta faɗi haka ni ta kalla.

Baba ya dubi injin, ya daɗe yana dubansa, ya tashi ya nemi takalmansa.

Muka fito rana ta take. Ya shiga gaba, ni da Luba a baya, kowa ya manne da ƙofarsa. Motar ta yi zafi kamar tanda. Abdulghaffar ya sa makulli.

"Kada ka tayar," in ji Baba. "Kada ka kunna komai."

Muka zauna gilasai a rufe, gumi yana tsattsafo mana. Ya juyo da kyar ya dubi Luba.

"Uwarku," ya ce. "A shekarunta na ƙarshe na sha yi mata faɗa. Na ce ta daina yi mini hira, ta zama kamar baƙuwa a ɗakina. Har na yi sati ban ci abincinta ba a kan haka." Ya tsare ta da ido. "Tana yi?"

Luba ta dube shi.

"Tana yi, Abuya," ta ce. "Tana zama a bayanka tana tsince shinkafa, tana ta ba ka labari. Mu mun ɗauka kai ne ba ka son amsawa. Ita ma haka ta ɗauka."

Baba ya juya ya fuskanci gaba. Kafaɗunsa kawai nake gani. Luba ta ja niƙabi ta rufe fuska tana shessheƙa, maigidan ya kifa kai a kan sitiyari. Duk haushin tsohon nan da na tara sai na neme shi na rasa. Tausayinsa ne ya kama ni, da na matar da ban zauna da ita ba, wadda ita ma irin tarbiyyata aka yi mata, ita kuwa ba ta sami wanda zai murɗa mata murya ba.

Can ya goge fuska da hularsa, ya sake juyowa, wannan karon ɓangarena. Nan take kaina ya yi ƙasa da kansa.

"A'a," ya ce. "Ɗago. In kin sunkuya ba ni da ke. Ɗago ki dube ni, ki faɗi abin da ke bakinki."

Wuyana ya yi nauyi kamar an ɗora mini tulu. Na tuna innata, na ce ta yafe mini. Na ɗago. Ashe idanunsa ƙanana ne, jajaye, akwai wani tsohon tabo a girarsa ta hagu. Shekara da shekaru ina surukarsa, ranar na fara sanin kamanninsa.

Na tattaro murya tun daga cikina.

"Baba, ba inda za ni. Ina nan, ni da 'yata."

Ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har wani mai wucewa ya waiwayo.

"Sake faɗa," in ji Baba.

Na ɗauka bai ji ba, na ja numfashi zan ƙara ƙarfi. Ya ɗaga hannu.

"Ni na ji," ya ce. Ya nuna 'ya'yansa biyu da haɓa. "Waɗannan nake so su ji."

Na sake faɗa, ina kallonsa. Luba ta gyaɗa kai a cikin niƙabinta. Abdulghaffar ya ce gobe da safe zai kai takarduna a sabunta. Baba ya ce ba gobe ba, yanzu, ofishin bai tashi ba. Sannan ya ce a tada motar.